Onarabul da layin bayan gida

Ranar 17 ga Disamba, 2019 aka zaɓe ni ɗan majalisar gunduma mai wakiltar unguwarmu, ɗaya daga cikin zangunan Accra. Mu a Ghana ba mu da majalisar jiha irin ta 'yan'uwanmu na Nijeriya. Daga majalisar dokoki ta ƙasa sai majalisun gundumomi, waɗanda yanzu suka kai 261. Mai irin kujerata asambiliman ake ce masa, amma a unguwa sunansa Onarabul, ko yaro ɗan shekara biyar haka zai kira ka. Ba a tsayawa takara da tutar jam'iyya, ko da yake kowa ya san inda kowa ya karkata. Albashi kuwa a lokacinmu babu shi, sai ɗan alawus idan an yi zama.

Watannin farko aljihuna ne ya yi aiki, ba kaina ba. Suna, ɗaurin aure, sadakar uku, kuɗin asibiti, yaron da aka kama da babur babu takarda. Kafin in idar da sallar asuba akwai mutum biyu a bakin ƙofa. Wannan kowane asambiliman ya san shi, ba sai na ja zance ba.

Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ce ɗan majalisa ya riƙa ganawa da mutanensa kafin kowane zama, ya ji ta bakinsu, ya kai, sannan ya dawo musu da abin da aka yanke. Na ɗauki wannan da gaske. Na kira taro bayan sallar Juma'a a harabar masallaci, aka shimfiɗa tabarmi, dattawa suka zauna a gaba, samarin da ke shan ataya, wato shayi, a bakin titi suka tsaya daga baya. Aka ce fitilun titi sun mutu, kwata ta cushe, hanyar da ta shiga kasuwa ta zama ramuka. Na cika shafi uku, na koma gida ina jin na san ciwon unguwa. Ban lura ba cewa babu mace ko ɗaya a wurin.

Sai ga korona. Ranar 30 ga Maris, 2020 aka kulle Accra da Kumasi, aka yi mako uku kowa na gida. Cikin 'yan dalilan da aka yarda mutum ya fita saboda su akwai zuwa bayan gidan haya na jama'a, domin gwamnati ma ta san gidaje da yawa ba su da nasu. Wata asuba na fito duba yadda ake ciki, na tarar da layi daga ƙofar bayan gidan har ya sha kwanar mai koko. Yawancinsu mata ne, kowace da buta da 'yan canji a dunƙule cikin hannu, wata da goyo, wata tana riƙe da tsohuwar da ba ta iya tsayuwa da kyau. Ana ta cewa a ba da tazara, to ina tazarar take a lungun da mutum biyu ba sa wucewa a jere?

Magajiyar matan unguwa tana cikin layin. Ta dube ni ta ce, "Onarabul ɗana, ka taɓa tsayawa a nan?" Na ce, "A'a Mma, gidanmu akwai." Ta ce, "To shi ya sa ka je masallaci aka gaya maka fitila." Matan suka yi dariya, ni kuwa ban samu abin cewa ba.

Da aka buɗe gari na shiga bincike, sai na ga ashe ba doka ce ta yi ƙaranci ba. Dokokin tsafta na majalisa sun wajabta wa kowane mai gida ya yi wa mazauna gidansa bayan gida. A lokacin akwai kuma shirin ruwa da tsafta na yankin Accra wanda Bankin Duniya ya sa wa kuɗi, yana ɗauke wa mai gida mafi yawan kuɗin ginin, shi ya cika sauran. Irin wanda ake ginawa ba ya bukatar babban rami, ɗan akwatin siminti ne da ke narkar da ƙazanta, ana iya kafa shi a kusurwar tsakar gida. Doka tana nan, tallafi yana nan. Na ce to abin da ya rage taurin kai ne kawai.

A nan na yi kuskurena mafi girma. Na roƙi duba-gari, waɗanda muke kira saman-saman, suka zaga da ni gida gida suna rubuta takardar gargaɗi. Cikin mako guda na zama abin nuni da baki. Wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, ya aika a kira ni. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa da sakin fuska ba. Ya ce, "Ɗan nan, ni ka kawo wa sammaci? Gidan nan na kakanmu ne. Mu magada mun fi ashirin, wasu suna Kumasi, wasu Jamus, wasu Amurka. Ni tsaron gida kawai nake yi. Nuna mini ɗakin wanda zan rushe." Ya kama hannuna ya kai ni bayan gidan, ya nuna mini wani ɗan ɗaki mai ƙofar kwano. Nan ne salgar gidan take a da, irin ta bokiti da ake kwashewa da dare. Da aka hana irinta sai aka share wurin, aka yi masa daɓe, aka sa ɗan haya. Kuɗin hayar ɗakin nan shi wata gwauruwa cikin magadan take ci da marayunta.

Wannan shi ne abin da babu shi a takardar kowane shiri. A zango gida na gado ne, kuma kowane taku na ƙasa akwai mai shi. Mai gidan da doka take nema da sammaci, sau da yawa babu shi.

Akwai kuma wata ƙaya da ban so taɓawa ba. Samarin da ke karɓar kuɗi a ƙofar bayan gidan haya, da yawansu su suka manna mini fosta lokacin zaɓe. Duk gidan da ya samu nasa, cinikinsu ya ragu. Ɗaya daga cikinsu ya tare ni ya ce, "Yaya, mu muka ɗora ka, yanzu abincinmu za ka zubar?" Gaskiyarsa ce ta wani gefen, har yau ban ce na ba shi amsar da ta gamsar da shi ba. Biyu daga cikinsu dai na kai su wurin magina suka koyi haɗa akwatin, ɗayan har yanzu da shi yake ci.

Na janye duba-gari, na je na ba dattawa haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Daga nan na sake hanya. Taron mata na mayar da shi tsakar gidan Magajiya, da hantsi, bayan an sauke tukwanen waakye, wato shinkafa da wake, an sallami 'yan makaranta, domin lokacin ne kaɗai suke da sararin zama. Su suka kawo shawarar adashi: gida biyar su haɗu, duk wata a cika wa gida ɗaya kasonsa. Liman ya yi huɗuba kan tsarki da haƙƙin maƙwabci, amma aikinsa da ya fi amfani shi ne zaman sulhun magada, domin maganar da za a ƙi ji daga bakina ana jin ta daga nasa. Kusan kowane gidan gado kuma yana da zauren WhatsApp na dangi. Na koyi cewa a ɗauki hoton layin asuba a tura can. Ɗan'uwan da ke Hamburg, wanda ya san mahaifiyarsa na cikin wannan layin, ba ya kwana biyu bai turo kuɗi ba.

A cikin majalisa ma sai da na sha kunya kafin na gane yadda abin ke tafiya. Na tashi a wani zama cikin Fabrairu na yi jawabi mai zafi kan a ware kuɗin taimaka wa gidajen da ba za su iya cika kasonsu ba. Aka tafa mini. Bayan an tashi wani tsohon ɗan majalisa ya ja ni gefe ya ce kasafin bana tun wajen Oktoba aka amince da shi, abin da bai shiga ba sai baɗi. Tsarin mulkin 1992 ya ce a ware wa gundumomi abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba, ga kuma harajin gidaje da na kasuwa da majalisa ke tarawa, amma duk wannan kuɗi yana bin abin da aka rubuta a tsarin ci gaba na shekara huɗu ne. Da aka zo shirya na 2022 zuwa 2025, ban yi jawabi ba. Na zauna a ƙaramin kwamiti, inda mutum bai fi goma ba kuma babu mai tafi, na kai musu sunayen lunguna da adadin gidajen da matan suka ƙirga da kansu, har maganar ta samu layinta a takarda.

Fitilun ma an gyara wasu, kada dattawan masallaci su ce na manta da su.

Da wa'adina ya ƙare a Disamba 2023 ban sake tsayawa ba, aljihu ya gaji, maiɗakina ma ta gaji da sallamar asuba. Gidajen da suka samu bayan gida a zamanina ba su kai rabin waɗanda na yi wa alkawari ba. Gidan abokin mahaifina yana cikin waɗanda suka samu: magadan sun yarda aka kafa shi a gindin bishiyar tsakar gida, ɗakin gwauruwar bai taɓu ba. Makullin yana rataye a wuyan jikarsa da zare, kuma an ce tsohon da kansa yake tsawata wa duk wanda ya bar ƙofar a buɗe.

Jiya da asuba na bi ta wajen mai koko. Layin yana nan, amma bai kai kwanar ba. Magajiya na zaune a kan benci tana jiran ƙosai, ta ce, "Onarabul, ina kwana?" Na ce, "Mma, ai na sauka." Ta ce, "Ka sauka a wurinsu. Lungun bayan makaranta saura gida shida, yaushe za ka zo?"