Daƙiƙa arba'in da na yanko daga kiɗan Glière

Aikina a gidan rediyo haɗa sauti ne. A kawo mini murya, in nemo kiɗan da zai kwanta a ƙarƙashinta, in yanka, in liƙa, in miƙa. Na daɗe a kan haka har kiɗa ya zame mini yadi a hannun tela, in auna iya buƙata in sa almakashi.

Wani mako aka ba ni shirin labaran mutanen da, aka zo kan tatsuniyar Girkawa ta matan nan na tsibiri da ake kira Siren, masu janyo matuƙan jirgin ruwa da zaƙin murya har su halaka. Cikin laluben abin da zan ɗora na ci karo da wani kiɗa mai suna Sireny, na wani makaɗin Rasha, Reinhold Glière, wanda ya tsara a 1908. Tsawonsa wajen minti 15. Ina ni ina zaman minti 15? Na duba zanen sautin a kwamfuta, na ga inda ya yi tudu, na yanko daƙiƙa 40 daga nan, inda ƙahonni da ganguna ke ruri.

Dattijon da ya koya mini aiki yana bayana yana shan shayi. Ya ce, "Yaro, ka saurare shi duka kuwa?" Na ce, "Baba, ai na samu wurin da jirgin ya fashe." Ya ce, "To wa ya kai jirgin wurin?" Sai ya ɗauki kofinsa ya fita.

Da daddare na zauna na saurara daga farko, kuma gaskiya minti biyun farko sun gundure ni. Kiɗan yana tasowa ne daga can ƙasa, manyan goge masu kaurin murya suna gurnani a hankali kamar ruwa a cikin duhu, babu wani amshi da mutum zai kama ya bi. Sannu a hankali igiyar ruwan ta fara ɗagowa, ta tashi ta koma, ta sake tashi ta ɗan zarce ta baya. Can sai wani ƙyalli ya shigo daga sama, sarewa da siraran goge da tsirkiyoyin da ake taɓawa da yatsa, mai daɗi har ka rasa lokacin da ya shige ka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne waƙar ba ta taɓa sauka inda kunne ke jira. Kullum sai ta kusa, ta zame, ka ƙara matsawa. Da na farga, ni ma na matso da kujera har gwiwata na taɓa tebur. To a nan ne aka yi karon, kuma bai daɗe ba. Bayansa ruwan ya koma ya kwanta kamar bai ci kowa ba.

Wato abin da na yanko da rana hayaniya ce kawai. Tsoron duk yana cikin mintunan da na tsallake.

Daga baya na bi sawun mutumin. An haifi Glière a Kiyef a 1875, ya yi karatu a makarantar koyon kiɗa ta Mosko, inda Sergei Taneyev yana cikin malamansa, ya gama a 1900. Shi ne ya koyar da Sergei Prokofiev a 1902, lokacin yaron yana ɗan shekara 11, kuma yau ɗalibin ya fi malamin suna nesa ba kusa ba. Masu tuna Glière ma sun fi tuna shi da dogon kiɗansa na 1911 a kan jarumin Rasha Ilya Muromets, ko kiɗan rawarsa na 1927. Sireny ya zauna a gefe, ba kasafai ake kaɗa shi ba. Ya rasu a Mosko a 1956.

Wani abu kuma da na lura: a labarin Homa, mawaƙin Girkawan da, wani jarumi mai suna Odisiyos ya tsira daga matan. Ya toshe kunnuwan mutanensa da kakin zuma, ya sa aka ɗaure shi a turken jirgi, ya ji waƙar ya wuce. Glière bai kula da mai dabarar ba. Ya bi waɗanda ba su da kaki, waɗanda ba a san sunansu ba, kuma ina ganin ya fi gaskiya, don su ne suka fi yawa. (Ashe ma a zanen Girkawan da, matan rabinsu tsuntsu ne. Jelar kifi daga baya aka liƙa musu.)

Washegari na cire rurin, na ɗora wurin da ƙyallin ke shigowa, na rage shi sosai a ƙarƙashin muryar mai karatu. Mai shirin ta saurara ta ce ya yi sanyi da yawa, ina tashin hankalin? Muka ja, ta ƙyale ni ba don ta gamsu ba. Dattijon yana zaune bai sa baki ba. Da muka tashi ya tambaye ni minti nawa ne kiɗan, na faɗa masa, ya ce in tura masa a waya.