Abin da idon ɗan masunta ya gani a Nungwi

Nungwi ƙauyen masunta ne a can ƙurewar arewacin tsibirin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, wanda ya haɗe da Tanganyika a 1964 aka samu ƙasar Tanzaniya. Wani taron masu sana'ar kifi ne ya kai ni Darussalam, ni da na taso a wani ƙauye a gefen Kogin Haɗeja, gidanmu ba a san komai ba sai koma da taru da banda. Da aka tashi taro, abokan tafiya suka ce ba za a zo har nan a koma ba a tsallaka ba. Jirgin ruwa mai gudu ya kai mu birnin Zanzibar cikin awa biyu ko kusa da haka, daga nan muka shiga motar haya da suke kira daladala muka yi arewa.

Kafin in tashi, Kawuna ya kira ni zaure ya ce, "Ɗana, an ce wurin nan giya da kiɗa ne har asuba. Ka riƙe sallarka." Na ce, "In sha Allahu, Kawu." Maganarsa gaskiya ce, amma ɓangare guda ce ta labarin. Mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, kuma a cikin ƙauyen Nungwi kiran salla ba ya wuce ka. Galibinsu Shafi'iyya ne, don haka a sallar asuba liman ya yi alƙunut a bayyane bayan ruku'u, mutane suka ɗaga hannu suna amin. Raina ya yi fari ƙwarai da na ji haka a bakin tekun Indiya.

Da magariba ta kawo jiki bakin ruwan yakan canza kama. Ana fito da tebura a jera su a kan farin yashi, a kunna fitilu, a hura gawayi. Kowane gidan abinci yana baje kifinsa a kan ƙanƙara a bakin ƙofa, kai za ka nuna wanda kake so, a auna, a gasa a gabanka. Na tsaya kusa da wani mai gashi na zuba masa ido. Ya tsaga kifin ta gefe biyu, ya cusa tafarnuwa da citta, ya matse lemon tsami, yana shafa masa romon kwakwa da wani ɗan reshe yana juyawa har fatar ta yi ja. Ga shinkafa da aka dafa da kanumfari da kirfa. Sai wata halittar teku mai hannu takwas da suke kira pweza. Na ɗan yi jim kafin in kai hannu, sai na tuna a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne. Namanta ya yi kama da ganda da ta nuna sosai.

Bayan isha kiɗa ke karɓe wurin, ana sayar da giya a fili, a maƙwabciyarsu Kendwa ma har biki ake yi idan wata ya cika. Ban shiga ba, kuma babu wanda ya ja rigata. Abin da ya dame ni shi ne samarin gari da ke bin baƙi a yashi daga safe har dare suna neman na kashewa, a gefen iyayensu da ke ɗinkin koma. A cikin ƙauyen kuma na ga mata da jarkoki suna layin ruwan sha, alhali bayan katanga ga tafkunan wanka na otal-otal cike maƙil. Wannan ya tsaya mini a rai. Duk wanda ya je, ya daure ya ci abinci ko sau ɗaya a rumfunan cikin gari, kuɗinsa ya faɗa hannun masu ƙasar, kuma ya suturta jikinsa idan zai ratsa unguwa, don su ma abin da suke roƙon baƙi ke nan.

Inda na fi ƙaruwa shi ne kasuwar kifi. Jiragen katako masu filafilai suna dawowa, a zube kamun a ƙasa, dillali ya yi gwanjo a gaban kowa. Kifin tuna guda ɗaya sai mutum biyu sun kama. Na bi kifin da ido tun daga hannun masunci zuwa teburin dare, na ga kuɗinsa ya ninka har ya ba ni tsoro. Ba wani sihiri aka yi masa ba. An sa shi a ƙanƙara da wuri, an wanke, an gasa a gaban mai saye, an ba shi wurin zama mai tsafta. Mu a Haɗeja tarwaɗarmu da karfasarmu ko dai mu sayar ɗanye da arha kafin rana ta ɓata shi, ko mu yi banda 'yan kasuwa su kwashe zuwa Kano da kudu, ribar ta tafi tare da motar.

A bakin ruwan kuma ake sassaƙa jiragen da hannu, da gizago da kurfi, babu zane a takarda. Na daɗe a wurinsu fiye da ko'ina.

Mai niyyar zuwa daga Najeriya ya nemi biza tun yana gida, ya riƙe katin rigakafin cutar shawara, kuma tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar dala 44. Ruwan sama mai yawa yana sauka daga Maris zuwa Mayu. A tambayi farashi kafin a ɗora kifi a wuta. Idan hanya ta bi ta birni, a tsaya lambun Forodhani da dare a sha ruwan rake da citta.

Da na dawo na kai maganar ƙanƙara gaban ƙungiyarmu ta masunta. Dattawa suka ce wuta ce matsalar, kuma sun yi gaskiya. Yanzu muna adashin sayen firji mai aiki da hasken rana, ƙanena kuma ya kafa rumfar gashin karfasa a bakin titi ranar kasuwa, da benci biyu da butar wanke hannu.