Wasiƙa daga Iowa: Jam'iyyar da ta daina zuwa ƙauye

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Ina fata kuna lafiya, da iyali da yara, an kuma kai amfanin gona rumbu lami lafiya. Mu nan an gama cire masara da waken suya, dusar ƙanƙara ta rufe gonaki fari fat, ba abin da ke motsi a titi da asuba sai motar da ke share hanya. Tun da aka yi zaɓen 2024 wasunku ke tambayata a waya: wai yaya aka yi manomi talaka a Amurka yake bin attajirin New York, wato Donald Trump na jam'iyyar Republican, ya juya wa jam'iyyar Democrat da ke cewa ita ce ta talakawa baya? Na daɗe ina jan amsar. Yau zan faɗi abin da idona ya gani.

Ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a arewa maso gabashin jihar Iowa. Ba mu da nisa da garin Cresco, inda a gonakin gefensa aka haifi Norman Borlaug, masanin irin alkama da ya samu lambar Nobel a 1970. Tsofaffin malaman gona na Kano da Jigawa da Kaduna sun san sunansa ta shirin Sasakawa. Gundumar tasu, Howard, ta yi abin da har yanzu ake kawo shi misali: a 2012 ta ba Obama na Democrat rinjaye da ratar sama da kashi 20 cikin ɗari, bayan shekara huɗu ta ba Trump da irin wannan ratar. Mutanen nan ne dai, cocinsu ɗaya, gonakinsu ɗaya. A Iowa kaɗai gundumomi 31 ne suka zaɓi Obama sau biyu sannan suka koma wa Trump.

Akwai wani dattijo manomi da nake wanke wa gyambon ƙafa duk mako, ciwon sukari ya hana shi warkewa. Hannuwansa kamar itacen kirya, hularsa mai tambarin kamfanin iri ba ta barin kansa. Wata rana ina naɗe masa bandeji ya ba ni labarin mahaifinsa, wanda ya rataye hoton Shugaba Roosevelt na Democrat a ɗakin cin abinci har ya mutu, domin a zamaninsa ne wutar lantarki ta shigo gonarsu. Gaskiya ne kuwa, a farkon shekarun 1930 gona ɗaya cikin goma ce ke da wuta a ƙasar nan, dokar 1936 ce ta buɗe wa ƙungiyoyin manoma hanyar samun rance su ja waya da kansu. Shi ma dattijon ya zaɓi Obama sau biyu. Yanzu allon Trump ne a jikin rumbunsa. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, me ya raba ku?" Ya yi shiru yana kallon ƙafarsa, sannan ya ce, "Ni ban bar su ba. Su ne suka daina zuwa."

Wannan maganar ta fi mini duk muhawarar da nake ji a talabijin.

Muhawarar kuwa ga yadda take. Jam'iyyar Democrat ta kasu gida biyu. Akwai 'yan tsaka-tsaki, masu cewa jam'iyya ta yi nisa da tunanin talakan ƙauye a kan bindiga, da addini, da 'yan sanda, da kan iyaka, da batun jinsi, don haka a ja birki. Abigail Spanberger, wadda ta ci gwamnan Virginia a Nuwamban 2025, tun bayan zaɓen 2020 take kukan cewa kirarin a janye wa 'yan sanda kuɗi da kalmar gurguzu sun kusa kayar da ita daga kujerarta ta Majalisar Wakilai. Akwai kuma 'yan gaba-dai-gaba-dai, su Bernie Sanders da Alexandria Ocasio-Cortez, masu cewa ba zafin ra'ayi ne ya kori mutanen ƙauye ba, sanyin gwiwa ne: jam'iyya ta kwanta da manyan kamfanoni, ta sa hannu a yarjejeniyoyin ciniki da suka kwashe masana'antu, ta bar talaka da dogon Turanci. A daren da Spanberger ta ci Virginia, Zohran Mamdani ya ci magajin garin New York da tutar gurguzu a fili. Kowane ɓangare ya wayi gari yana cewa, "Kun gani ko?"

Wanda ya girma a Kano ko Kaduna ba zai ji wannan baƙon abu ba. Mun ga PRP ta ci jihohi biyu a 1979, kafin a je ko'ina ta tsage, 'yan Taɓo na bayan Malam Aminu, 'yan Santsi na bayan Rimi da Balarabe Musa, kowa na rantsuwa shi ne na talakawa. Talakan da aka cire wa haraji da jangali bai damu da sunan ɓangare ba, ya dai san wanda ya sauke masa kaya. Ban ce abin ɗaya ne da na nan ba, amma ƙamshin rigimar na san shi.

Me ya sa ƙauye ke da wannan nauyin a ƙasar da yawancin mutanenta ke birni da kewayensa? Tsarin Majalisar Dattawa ne. Kowace jiha sanata biyu, ko Wyoming ce da mutanenta ba su kai 600,000 ba, ko California mai kusan miliyan 39. Jihohi 25 sun zaɓi Trump sau uku a jere. Kujerunsu 50 ke nan cikin 100, kuma yau Democrat ba ta da ko ɗaya a cikinsu. Da a ce jam'iyyar za ta cinye duk manyan birane kaf, ba za ta iya kafa doka ko tabbatar da alƙali ba sai ta bi ta gona.

To, wa ke da gaskiya? Na auna, na ga kowa ya riƙe rabin zance.

'Yan tsaka-tsaki suna da hujja, amma ku dubi abin da ya sami mutanensu. Jon Tester na Montana manomi ne na gaske, yana noma ƙasar kakanninsa a Big Sandy, injin niƙa nama ya cire masa yatsu uku tun yana yaro. Ba wanda zai ce masa ɗan birni. Ya yi shekara 18 yana sanata, a 2024 ya faɗi. Heidi Heitkamp ta North Dakota da Claire McCaskill ta Missouri da Joe Donnelly na Indiana duk sun faɗi a 2018, duk da taka-tsantsan ɗinsu. Joe Manchin na West Virginia ya ja birki har ya fice daga jam'iyyar, kujerar dai ta tafi. Idan sassauci kaɗai ne magani, da waɗannan suna nan.

'Yan gaba-dai-gaba-dai su ma suna da tasu hujjar, kuma ita ce ta fi ba ni mamaki. Idan aka cire sunan jam'iyya aka ajiye wa mutanen nan tambaya tsirara a ƙuri'ar raba-gardama, sau da yawa sai su zaɓi abin da Democrat ke so. Faɗaɗa inshorar lafiya ta marasa ƙarfi, wadda ake kira Medicaid, ya wuce da ƙuri'ar jama'a a Idaho da Utah da Nebraska a 2018, a Missouri da Oklahoma a 2020, a South Dakota a 2022. A ranar da Missouri ta ba Trump rinjaye mai faɗi a 2024, a ranar ta amince a kai mafi ƙarancin albashi dala 15 a awa. Sanders ya cinye gundumomi 55 na West Virginia gaba ɗaya a zaɓen fid da gwani na 2016. Sai dai zaɓen fid da gwani ba babban zaɓe ba ne, kuma har yau ban ga wanda ya ɗauki cikakkiyar tutar wannan ɓangaren ya ci kujerar sanata a jihar manoma ba. Taron dubban mutane da 'yan wannan ɓangaren suka yi a Omaha ko Iowa City abin kallo ne, amma Omaha birni ce, Iowa City kuwa garin jami'a.

Abin da na fahimta shi ne, ana son kayan, ba a yarda da mai tallan ba. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ba su manta da Obama ya ce a 2008 suna maƙale wa bindiga da addini saboda ɗacin rai ba. Ba su manta da Hillary Clinton ta jefa rabin magoya bayan Trump cikin kwandon 'yan tir a 2016 ba. Ku kwatanta ɗan boko ya zo ƙauyenku da takin zamani a mota, amma kafin ya sauke ya fara gaya muku ku jahilai ne. Wani zai karɓi takin, ƙuri'a kam ba zai gani ba. Raini yana daɗewa a ciki fiye da yunwa.

Ga kuma rashin zuwa. Sanata Chuck Grassley na Republican, wanda ya haura shekara 90, yana zagaya gundumomi 99 na Iowa duk shekara tun 1981, ya tsaya a ɗakin taro ko masana'anta a yi masa tambaya ya amsa. Na halarci ɗaya. Kujerun ƙarfe ne, da butar kofi a kan tebur, mutane ba su kai arba'in ba, wata mata ta ɗaga murya a kan kuɗin magani, ya saurare ta har ta gama. Ban yarda da yawancin ƙuri'unsa ba, amma na ga abin da ke sa a sake zaɓensa. Zumunta a ƙafa take. A ɗaya ɓangaren, akwai kujerun majalisar jiha da na gunduma da yawa a nan da Democrat ba ta ma tsayar da kowa. Jaridar gari ta mutu ko ta rame, abin da ya rage rediyo da Facebook, su ke gaya wa manomi ko wane ne ɗan Democrat, tunda bai taɓa shan kofi da ɗaya ba.

Waɗanda suka ɗan fasa wannan katangar ba su shiga akwatin kowane ɓangare daidai ba. Marie Gluesenkamp Perez 'yar Democrat ce daga jihar Washington, mai garejin gyaran mota, ta ci kujerar Majalisar Wakilai a mazaɓar da Trump ke ci, sau biyu, tana magana a kan haƙƙin mutum ya gyara taraktarsa da kansa ba sai ya jira kamfani ya turo mai kwamfuta ba. Dan Osborn makanike ne, shi ya jagoranci yajin aikin ma'aikatan Kellogg a Omaha a 2021. Ya tsaya takarar sanata a Nebraska ba jam'iyya, ya faɗi da ratar kashi 7 a jihar da Trump ya ci da ratar 20. A kan kamfanoni huɗun da suka riƙe kusan kashi 85 na yankan shanun ƙasar nan, maganarsu ta fi ta 'yan tsaka-tsaki zafi. A kan bindiga da kan iyaka, ta fi ta 'yan gaba-dai sanyi. Kuma da hannu mai baƙin mai suke faɗa.

Amma akwai inda nake tsayawa, kuma ina so ku ji shi daga bakina. Ni baƙar fata ne, Musulmi, baƙo. Idan aka ce "a sassauta don a samu ƙauye," wani lokacin mu ake nufin a sayar. A Postville, nan kusa da mu, jami'an shige-da-fice sun kama ma'aikata 389 a mayanka rana ɗaya a watan Mayun 2008, garin ya daɗe bai farfaɗo ba. Baƙi ne ke yanka naman da ake ci, su ke tatsar shanu da asuba, a asibitocin ƙauye kuma likitoci da yawa daga Najeriya da Indiya da Pakistan suke. Ba zan yi muku ƙarya in ce babu wariya ba, na sha ganin marar lafiyar da ya ga fuskata ya nemi a canza masa ma'aikaci. Amma mutanen garin nan ne suka zo da tarakta suka jawo motata daga rami a sanyin da ya wuce, matar wani kuma ta yi mako tana aiko mana abinci da aka yi mana haihuwa, ta ma tambaya ko akwai abin da addininmu ya hana. Wanda ya ce dole a zaɓa tsakanin mutuncina da ƙuri'arsu bai zauna da mu ba, bai zauna da su ba.

Abin da ke gabanmu yanzu asibiti ne. Fiye da asibitocin ƙauye ɗari sun rufe ko sun daina kwantar da marasa lafiya tun 2010. Ɗakunan haihuwa suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, mace mai naƙuda sai ta yi tafiyar awa guda a kan ƙanƙara. Dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta zaftare kuɗin Medicaid sosai, an ware dala biliyan 50 don lafiyar karkara wai a rage zafin. A wurin aikinmu kowa na lissafi a zuci. Rob Sand, babban mai binciken kuɗi na jiha, ɗan garin Decorah, shi kaɗai ne ɗan Democrat da ya rage a kujerar da jiha gaba ɗaya ke zaɓa, yana neman gwamna a 2026, shi ma yana bin gundumomin ɗaya bayan ɗaya.

Na gaya wa dattijon nawa zai zo gundumarmu. Ya ce in ƙafar ta bari zai je ya ji da kunnensa, akwai tambayar da yake so ya yi masa a kan asibitin nan. Na ce in ba na aiki ranar zan biya in ɗauke shi.

A gaishe da kowa da kowa. A sa mu a addu'a, sanyin bana da ƙarfinsa ya shigo.

Ɗan'uwanku,
daga arewa maso gabashin Iowa