Yinin da na yi da Kawu da labarin mabushin haya

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau na je gidan Kawu da niyyar in miƙa masa maganin hawan jini in juyo, amma ban baro shi ba sai da aka kira magariba. Na tarar da shi a zaure a kan tabarma, ya buɗe tsohon akwatin saksafon ɗinsa, abin busan nan na Turawa, wanda rabona da ganinsa tun ina firamare, yana goge shi da tsumma. Tagullar ta dushe, fatun da ke toshe ramukan sun bushe sun tsattsage, ɗan siririn karan da ake ɗaurawa a bakin busa kuwa ya rabe biyu. Kawu ya yi shekaru yana busa a ƙungiyar makaɗan wani otal a zamanin samartakarsa, kuma a gidanmu ba a cika son tayar da wannan zance ba.

Bayan mun gaisa sai ya ce in nemo masa waƙar mawaƙiyar Amurka Aretha Franklin mai suna Respect a wayata. Da aka kai tsakiyarta, inda muryar ta tsaya saksafon ya karɓa, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ɗan nan, wa ya yi wannan busar?" Na ce, "Allah ya gafarta Kawu, ni dai sunan mai waƙar na sani." Ya yi dariya har da tari, ya sa na maimaita wurin sau huɗu, ga shi kuwa busar duka ba ta kai daƙiƙa ashirin ba. A na huɗun ne na ji abin da yake nufi, domin mabushin yana shigowa da wata irin murya mai kauri da ɗan gurnani, ya ɗaga waƙar sama, sannan ya ajiye ta daidai inda Aretha za ta ɗauka, ya yi shiru kamar bai taɓa zuwa ba.

Sunansa King Curtis, sunansa na takarda kuma Curtis Ousley. An haife shi a 1934 a Fort Worth ta jihar Texas a Amurka, ya fara busa yana ɗan shekara 12, kuma makarantar sakandare ɗaya suka yi da Ornette Coleman, wanda daga baya ya yi suna a kiɗan jaz. Ya yi aiki a ƙungiyar Lionel Hampton, sannan ya tare a New York a farkon shekarun 1950, inda ya zama abin da Kawu ke kira mabushin haya. Aikin nan Kawu ya fi daɗewa yana yi mini bayaninsa. Kamfanin faifai zai kira ka ɗakin naɗar sauti na awa uku, a miƙa maka waƙar da ba ka taɓa ji ba, ka saurara sau ɗaya ko biyu, ka ƙirƙiro busar da za ta dace da ita nan take, a biya ka ladan zaman, ka rufe akwatinka ka wuce wani ɗakin. Idan faifan ya yi kasuwa, riba ta kamfani ce da mai waƙa da wanda ya rubuta ta, kai kuwa an sallame ka tun ranar. A haka Curtis ya yi busar nan mai kama da in'ina a waƙar Yakety Yak ta ƙungiyar Coasters a 1958, ya kuma yi wa Buddy Holly busa a wannan shekarar, kafin ya zo ga faifan Aretha a 1967 a ƙarƙashin kamfanin Atlantic.

Na ce wa Kawu ai wannan cuta ce, shi kuwa bai yarda da ni gaba ɗaya ba. A ganinsa mutumin da manyan mawaƙa ke layi don ya zo ya cika musu gurbin daƙiƙa ashirin ya fi mai suna a bangon faifai sanin darajar kansa, kuma ya tuna mini cewa ko a nan gida mutane nawa ne za su iya faɗin sunan mai kalangu ko ɗan amshin babban mawaƙin da suka haddace waƙoƙinsa. Ban sami amsa ba, sai dai har yanzu ina ganin ladan awa uku bai isa ya biya abin da za a yi shekara hamsin ana saurare ba.

Shi Curtis ya ɗan fi takwarorinsa sa'a, domin ya fitar da faya-fayai da sunansa, ya jagoranci ƙungiyarsa ta Kingpins, ya buɗe wa ƙungiyar mawaƙa ta Beatles wasa a filin Shea na New York a 1965, ya kuma karɓi lambar Grammy a 1970. A watan Maris na 1971 shi ya jagoranci makaɗan Aretha a zauren Fillmore West na San Francisco, a watan Yuli kuma ya yi wa John Lennon busa a faifan Imagine. Ranar 13 ga Agusta ta wannan shekarar aka daɓa masa wuƙa a ƙofar gidansa da ke Manhattan bayan cacar baki da wani mutum, ya mutu yana da shekara 37. Da Kawu ya zo nan sai ya rage murya, ya ce Aretha da Stevie Wonder sun yi waƙa a wajen jana'izarsa, Jesse Jackson ya yi huɗuba. Sai a shekarar 2000 aka shigar da shi zauren karrama taurarin kiɗan rok, a rukunin da aka buɗe a shekarar domin makaɗan da ke bayan fage.

Da zan tafi na tambayi Kawu ko in nemi mai gyara ya sauya fatun saksafon ɗin. Ya ce numfashinsa ba zai kai ba yanzu, amma duk da haka ya sa na rubuta lambar da ke jikin bakin busar a bayan takardar maganinsa, wai ko da zan ci karo da sabon kara a intanet. Na duba da na dawo gida, na ga ana sayar da su goma a kwali, kuma gobe da safe zan kira shi in ji wane kauri yake so.