Kafin ka sayar da riɗinka ka sayi laftof

Ƙannena, musamman ku da kuka samu gurbin karatu a Dutse ko Kafin Hausa ko Wudil aka ce muku ku zo da kwamfuta, na san yadda ake haɗa kuɗinta a garuruwanmu. Buhunan riɗi ake kaiwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ko Inna ta saki tunkiyar da take kiwo, ko a tara kuɗin ƙwadagon damina guda. Kuɗin da aka sha wahala aka samu haka bai kamata ya zurare a banza ba. Ni kuwa nawa ya zurare ta ƙofofi da yawa tun da na fara ɗan aikin buga takardu a ƙauyenmu, kuma mafi yawan asarar bayan na kawo kwamfutar gida na yi ta.

Laftof ɗina ta farko 'yar gwanjo ce. Na duba jikinta babu ƙwarzane, mai shago ya kunna min ita a jone da wuta, na biya. Sai a gida na gane batirinta ba ya kai rabin awa. A garin da wutar nefa kan yi kwanaki ba ta leƙo ba, laftof marar batir ba ta da wani amfani. Saboda haka ka sa a zare cajar a gabanka, ka zauna kana kallon yadda cajin ke sauka. In kana son tabbaci, rubuta cmd a wurin bincike na Windows, baƙin allo zai buɗe, sai ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai ajiye rahoto a fayil ya nuna maka inda yake, ka buɗe ka nemi lambobi biyu, ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na biyun bai kai rabin na farkon ba, saka kuɗin sabon batir a cikin cinikin.

Kada kuma "Core i5 ce" ta ishe ka. Sunan ƙwaƙwalwar kwamfutar ne kawai, dubi lambar farko da ke biye, ita ke nuna zubinta. i5-6200U zubi na 6 ne, i5-8250U zubi na 8. Wannan ya zama dole yanzu, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zubi na 8 zuwa sama take karɓa. Nemi mai RAM 8GB, wato wurin da take riƙe aikin da kake kan yi, da ma'ajiyar fayil mai sauri da ake kira SSD. In kuɗinka bai kai ba, gara ka ƙara haƙuri zuwa wata kakar. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi cin aljihuna data ce. Na sayi ta wata guda, na haɗa laftof da wayata da dare, da safe babu ko ɗigo. Na yi ta zagin kamfanin layi, alhali ba su da laifi. Windows ce ta ɗauka an haɗa ta da intanet marar iyaka, ta shiga sauke sabuntawarta cikin dare. Maganin bai kai minti ɗaya ba. Shiga Settings, ka je wajen Wi-Fi, ka danna sunan wayarka, ka kunna inda aka rubuta Metered connection. Daga nan kwamfutar ta san datar a ƙirge take, za ta rage shan ta a ɓoye. Amma kada ka bar ta babu sabuntawa har abada, da ita ake toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. Ka yi ta ranar da ka shiga makaranta inda akwai Wi-Fi, ko da datar dare mai rahusa.

Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, sai an riƙa lissafi. Kowane layi kake riƙe da shi, *323# zai nuna maka datar da ta rage, *312# kuma jerin farashin data. A YouTube ka mayar da hoton 360p, darasi ba ya buƙatar fiye da haka sai in rubutun allo ya yi ƙanana, ka kuma kashe abin nan da ke jawo bidiyo na gaba da kansa. Saƙonnin talla da ke damun ka, tura STOP zuwa 2442.

Caja kuwa na ƙona ta ne a kan ƙaramin janareto da ke ta hawa da sauka. Na sayi wata mai arha ba tare da na duba lambobin da ke jikinta ba, ta riƙa zafi har ta lalata bakin cajin. A bayan kowace caja an rubuta bolt da amfiya, a ƙasan laftof ma haka, dole bolt ɗin ya zo daidai. Idan aka kawo wuta ko aka tayar da inji, bari ta daidaita kafin ka jona. Kuma ka daina ɗora ta a kan katifa ko filo. Ta ƙasa take shan iska, a zafin bazara na Afrilu kuwa ba ta buƙatar ƙari. Lokacin hunturu ka rufe ta ka saka a jaka, ƙura fanka take toshewa.

Asarar da har yau take yi min ciwo ta fayil ce. Wani malami ya ba ni tambayoyin jarrabawar makarantarsu na buga, na kai filas ɗin wani shago don a fitar a firinta, da na dawo sai na ga duk fayilolin sun koma 'yan alamomi masu kibiya, ba sa buɗewa. Na ɗauka sun tafi, sai na goge filas ɗin gaba ɗaya. Daga baya wani ya fahimtar da ni cewa irin wannan bairos ɗin ɓoye fayil yake yi, ba ya share shi. Da hannuna na share aikin mutane. In ya same ka, kada ka danna alamomin, kada ka goge, kai wa wanda ya sani ya fito maka da su. Gara ma tun farko ka mayar da takardar PDF ka tura wa mai firinta ta WhatsApp ko imel, filas ɗinka bai shiga kwamfutar kowa ba.

Duk wanda ke da adireshin Gmail yana da 15GB kyauta a Google Drive. Zuba aikinka a can. Ka kuma ɗauki hoton sakamakon WAEC ko NECO, da takardar NIN, da shaidar ƙaramar hukuma, ka ajiye su tare. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a yankin Ringim da Auyo da Haɗeja ya san yadda ruwa ke cin takardun da aka adana a ƙasan akwati. Yayin rubutu kuma yatsanka ya saba da danna Ctrl da S kowane ɗan lokaci don adana aikin, Ctrl da Z kuma na dawo da abin da ka goge bisa kuskure.

Akwai kuɗin da na riƙa biya a saka min Office na sata da wani maganin bairos, duk ba dole ba ne. LibreOffice kyauta ce, tana buɗe takardun Word da Excel. Windows kuma tana zuwa da mai gadinta a ciki. Manhajar Kiwix tana ba ka damar sauke Wikipedia sau ɗaya, har da ta Hausa, ka riƙa karantawa ko babu sabis. Khan Academy na koyar da lissafi da kimiyya ba a biyan ko sisi. Bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024 ba a sayen fom ɗinsa. Kafin ka cike komai da sunan gwamnati, duba ko adireshin ya ƙare da .gov.ng, na makaranta kuma .edu.ng. Wanda ya turo maka mahaɗi a WhatsApp yana neman BVN ko lambar katin ATM, ɓarawo ne, ko da tambarin wace hukuma ya zo.

Sai maganar imel, wadda nake roƙon ku da ita. Lokacin da na kai wani ƙanena rajistar JAMB, na bar yaron shago ya buɗe masa imel don mu yi sauri mu samu motar komawa, ba mu karɓi kalmar sirrin ba. Da buƙatar shiga shafinsa ta taso, yaron ya bar garin, mun sha zirga-zirga da kuɗin mota. Ka buɗe imel ɗinka da hannunka, da layin da aka yi wa rajista da NIN ɗinka, ka rubuta kalmar sirrin a littafi a gida. Layin da ka karɓi lambar JAMB da shi kuma kada ka yar da shi ko ka bar shi ya daɗe babu amfani, domin kamfani na karɓe layin da aka daina aiki da shi ya sayar wa wani, kai kuwa za ka ci gaba da buƙatarsa har ka samu gurbi.