Mukullin da na miƙa masa

Kwana biyu ke nan ina kwana a asibiti, a gefen gadon ɗan yayata. Shekararsa 16. Ni da hannuna na fara ba shi mukullin motata, ya riƙa tayar min da ita da safe a ƙofar gidanmu a Agege. Daga nan sai "Kawu, bari in ɗan juya ta", sai zagayen unguwa, ni kuma har alfahari nake yi, wai yaro ya iya.

Ranar Asabar bayan Isha'i ya kwashi abokansa uku. Suna saukowa daga gadar Pen Cinema wayarsa ta yi ƙara, ya sunkuya ya duba, sai danfo ta ci burki a gabansa za ta ɗauki fasinja. Ko ɗayansu bai ɗaura bel ba. Da na isa, takalminsa ɗaya na ƙarƙashin totur, gilashi ya watse a kujera kamar gishiri.

Doka ta ce sai an cika shekara 18 ake ba da lasin, kuma sai an bi ta makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita. Na sani sarai, na kau da kai. Titin Legas da dattawan direbobi ma ke shiga da bismillah!

Yaya ta ce min, "Ƙanena, daina kuka, ƙaddara ce." Wallahi na kasa ɗaga kai in dube ta. An ɗinke masa goshi, ya fara magana. Abokinsa da ya zauna a gaba har yanzu ƙafarsa a ɗaure take. Don Allah ku sa su a addu'a.