Darussan da na koya a aikin kuɗin ikilisiya

Kuskuren da ya fi kowanne ciwo a wannan aiki shi ne sa hannu a kan cek da ba a rubuta komai a kai ba. Kowa ya san ƙa'ida, mutum biyu ne ke sa hannu kafin kuɗi ya fita daga asusun ikilisiya. Sai ran nan ɗaya zai yi tafiya, babba ya kira shi gefe ya ce, "Ɗan'uwa, sa mana hannu a ganye uku don kada aikin Ubangiji ya tsaya." Ƙin yi sai ya zama kamar rashin kunya. Daga ranar, hannu biyu ya koma ɗaya, ko da takarda tana nuna biyu.

Ɓarnar ba ta fitowa nan take. Sai bayan wata shida ko takwas, an ɗauko bayanin banki an ajiye kusa da littafin ma'aji, a ga sun ƙi haɗuwa. An fitar da kuɗin gyaran rufi, babu rasit, rufin kuma yana nan yana yoyo. Sunan da ke ƙasan cek ɗin shi za a kira gaban dattawa. Sau da yawa babban, sai a yi masa canjin wurin aiki cikin rufin asiri, har da addu'ar sallama. Ƙaramin ne ke zama da kunyar, a kujerar da ya saba, kowace Lahadi.

Maganin ba wuya gare shi ba, naci yake so. Baiko mutum biyu za su ƙirga, waɗanda ba dangin juna ba, ba kuma fasto ko matarsa a ciki, da zarar an tashi sujada, ƙofa a buɗe. A ware ambulan ɗin zakka daban, a rubuta jimla da biro, da lamba da kuma kalmomi, dukansu su sa hannu, kwafi ɗaya ga ma'aji, ɗaya ga sakatare. A kai banki gaba ɗayansa a ranar aiki ta farko. Kada a zari ko kaɗan daga kwando don biyan wata buƙata, domin kuɗin da bai shiga banki ba ba shi da sawu. A riƙa canja masu ƙirga duk wata uku. Mutum na uku, wanda ba ya sa hannu, shi zai gwada littafi da bayanin banki kowane wata. Saƙon banki ya shiga waya biyu, kuma kada kuɗin ikilisiya ya kwana a asusun wani, komai tsarkinsa.

Wanda ya nemi a yi haka zai ji an jefo masa Zabura 105:15, wai kada a taɓa shafaffu. To, ai Yehoyada firist ne ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare (2 Sarakuna 12). Bulus ma bai yarda gudummawar Urushalima ta bi ta hannunsa shi kaɗai ba, ya haɗa da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada wani ya sami abin zargi (2 Korintiyawa 8). Ban san wanda ya fi Bulus shafewa a cikinmu ba.

Sauran darussan gajeru ne. A 1948, a garin Modesto na Amurka, mai wa'azin bishara Billy Graham da abokan aikinsa suka ɗaure kansu a kan kuɗi, keɓewa da mace, sukar sauran fastoci da ƙara gishiri a yawan masu halarta. Na huɗun nan an fi raina shi, alhali wanda ya mai da mutum 80 suka zama 200 a rahoto ya riga ya koyi gyara lamba.

Shawara da mace, a yi ta inda ake gani. Ƙara a kan dattijo, sai da shaidu biyu ko uku, amma in sun zo a saurare su, a rubuta. Kwamitin da fasto ya zaɓa da kansa ba zai taɓa tambayarsa rasit ba. Ranar barin aiki kuma, a miƙa littattafai a gaban shaidu, a je banki da kai a cire sunanka daga masu sa hannu, ka riƙe kwafin takardar.